Sarrafa Kaya Kashi-Kashi a Masana'antu

Sarrafa kaya kashi-kashi tsari ne na yin ƙayyadadden adadin kaya iri ɗaya a tashi guda, ta yadda kashin gaba ɗayansa zai kammala mataki ɗaya kafin ya wuce zuwa na gaba. A gidan burodi, alal misali, ana kwaɓa buhun fulawa mai kilo 50 a lokaci guda, a yayyanka kwaɓin, a jera shi a gwangwanaye, a bar shi ya tashi, sannan a kai shi tanda, kuma kwaɓin da zai biyo baya yana iya bambanta da na farko wajen yawan sukari ko girman burodin. Tsarin ya faɗo ne tsakanin aikin tela mai ɗinki bisa awon mutum ɗaya da aikin masana'antar siminti irin ta Obajana, inda kaya iri guda ke fitowa dare da rana.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin sauyi, wato tazarar da ake tsayar da inji domin a wanke shi ko a sake saita shi kafin sabon kashi, lokacin da albashi ke tafiya amma kaya ba sa fitowa. Mai masana'anta da ya yi manyan kashi don guje wa wannan asara zai daskarar da jarinsa a rumbun ajiya, wanda kuwa ya ƙanƙanta su fiye da kima zai ƙarar da yininsa wajen wanki da saiti. A shekarar 1913 Ford Harris, wani injiniya a Amurka, ya fitar da lissafin da ke auna waɗannan asarori biyu domin gano adadin da ya fi araha. Daga baya kamfanin Toyota na Japan ya ɓullo wa matsalar ta wata fuska, ya rage lokacin sauyin kansa daga sa'o'i zuwa mintuna, dabarar da ta fi dacewa da mai ƙaramin jari.

Mai saye ma yana da rabonsa a tsarin, ko da yake ba kowa ke lura ba. Kowane kashin magani yana ɗauke da lambarsa a jikin kwali, kusa da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace, kuma da wannan lamba ce hukumar NAFDAC ke janye gurɓataccen kashi daga kasuwa ba tare da ta taɓa sauran ba. Saboda haka bai kamata a sayi maganin da babu lambar kashi a jikinsa ba.