Babi na Huɗu: Raguwar Agwagin Daji da Sauyin Hanyoyinsu a Ƙasar Gumel

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan matsayin farauta a ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda su huɗun ne suka haɗu suka zama masarautar Gumel. A wannan babi kuwa za a duba wani ƙorafi ne da ake yawan ji daga bakin maharba, wato cewa agwagin daji sun ragu, kuma waɗanda suka saura ba sa zuwa a lokacin da aka saba ganinsu, ba sa kuma sauka a wuraren da aka saba samunsu. Sau da yawa idan aka tayar da wannan magana sai a ɗora laifin a kan bindiga. Mai wannan nazari yana ganin bindiga tana da nata kason, amma tushen al'amarin ruwa ne, kuma mafi yawan ruwan da ake magana a kansa ba a ƙasar Gumel yake ba.

4.1 Ire-iren Agwagin da Ake Farauta

Kafin a ce agwagi sun ragu, wajibi ne a fayyace waɗanne agwagi ake nufi, domin kashi biyu ne, kuma kowane kashi da irin tafiyarsa.

Kashi na farko su ne 'yan gida, wato waɗanda a Afirka suke ƙyanƙyasa. A cikinsu akwai kirinjijiya, mai farar fuska, wadda ake gane ta da fito idan garkenta yana wucewa da dare. Akwai dinya, wadda ta fi duk sauran girma, tana da ƙaya a gaɓar fiffike. Akwai kuma wata babba mai baƙin baya da farin ciki, wadda namijinta yake da ƙululu a saman baki. Waɗannan ba sa ƙetare teku. Ruwan sama suke bi: da damina su watsu cikin daji su yi sheƙa kusa da tafkunan da suka cika, idan tafkunan sun fara ƙafewa su tattaru su koma inda ruwa yake daɗewa.

Kashi na biyu su ne baƙi, waɗanda suke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha, su gudo wa sanyin can, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara. Mafi yawa a cikinsu ita ce wata 'yar ƙarama da Turawan Ingila suke kira gargani, wadda namijinta yake da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya. Sai mai dogon bindi mai tsini, da mai baki kamar cokali. Waɗannan suna fara isowa daga watan Satumba zuwa Oktoba, su juya gida a watan Fabrairu da Maris. Ke nan tafiyarsu ta saɓa da ta shamuwa, wadda take zuwa daga kudu da farkon damina ta koma da kaka. Lokacin da shamuwa take bankwana, a lokacin ne baƙin agwagi suke sallama.

4.2 Ruwan Ƙasar Gumel da Dangantakarsa da Dausayin Haɗeja

Duk wanda ya san wannan yanki ya san ƙasa ce ta yashi da jigayi, babu kogin da yake gudu duk shekara a cikinta. Ruwan da agwagwa za ta sauka a kai shi ne na tafkuna da kududdufai da ramukan da aka bari bayan an ɗebi ƙasar gini ko ta aikin hanya. Waɗannan suna cika a watan Agusta, kuma da yawa daga cikinsu ba sa kaiwa tsakiyar hunturu. Saboda haka ƙasar Gumel zango ce ga agwagi. Masaukinsu na sosai yana gabas da kudu maso gabas, a dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala su rarrabu a tsakanin jigayi kafin su haɗu su zama kogin Yobe. Ta arewa kuma, bayan an ƙetare iyaka ta Maigatari, akwai tafkunan jihar Damagaram a Nijar, irin su tafkin Lasuri. Abin da maharbin Gagarawa ko na Sule Tankarkar yake samu, rarar waɗannan manyan wurare ce. Idan dausayi ya cika ya batse, garken yakan yi yawa har ya fantsamo yamma. Idan dausayi ya tsuke, tafkunan gefe ne suke fara rasa baƙi.

To, dausayin ya tsuke ƙwarai. A shekarun 1960 ambaliyar da take rufe shi duk shekara takan wuce murabba'in kilomita 2,000, amma a wasu shekarun na 1980 ba ta kai ko 1,000 ba. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka jawo haka. Na ɗaya shi ne farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984. Na biyu shi ne madatsun ruwa. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, domin noman rani a Kadawa da kewaye da kuma ruwan sha na birnin Kano. A 1992 aka kammala ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, don haka ruwan da a da yake isowa gaba ɗaya a watan Agusta da Satumba ya zama ana riƙe shi, ana sakinsa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka shirya a 1993 a kan wannan dausayi ya yi bayani mai tsawo game da yadda madatsun suka rage ambaliya, da abin da hakan ya jawo wa manoma da masunta da makiyaya.

A nan akwai wani abin lura da ba kowa ne yake kula da shi ba. Agwagwar daji ba zurfin ruwa take nema ba. Abin da take so shi ne ruwa marar zurfi mai faɗi, wanda ya kwanta a kan ciyawa yana janyewa sannu a hankali, yana barin irin ciyawa da na bado da ƙananan ƙwari a inda bakinta zai kai. Ambaliya mai zuwa ta tafi ita take samar da wannan. Ruwan da yake tsaye duk shekara kuwa kacala yake haifarwa. Tun daga shekarun 1990 wannan ciyawa ta mamaye hanyoyin ruwa irin su Marma da Burum Gana, ta toshe wasu, ta karkatar da ruwa zuwa wasu wuraren. Inda kacala ta yi duhu babu filin ruwan da agwagwa za ta sauka, sai dai tsuntsun jan-baki ya samu wurin kwana, ya riƙa fita yana cin hatsin manoma. Ke nan ana iya samun ruwa a wuri, amma ya kasance ba shi da amfani ga agwagwa.

4.3 Raguwa ce ko Ƙaura?

Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin idon maharbi tafki ɗaya yake gani, alhali tsuntsun yana da zaɓi a faɗin Sahel gaba ɗaya. Manyan masaukan baƙin agwagi a Afirka ta Yamma uku ne: bakin kogin Senegal, da malalar kogin Neja a ƙasar Mali wajen Mopti, da kuma tafkin Cadi tare da dausayoyin da suke kewaye da shi, waɗanda na Haɗeja da Nguru yake cikinsu. Tafkin Cadi kansa faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma a tsakiyar shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan. Tsuntsun da ya ƙetare Sahara ba zai ji nauyin ƙarin tafiyar kwana ɗaya ba idan ya tarar da masaukinsa a bushe. Don haka rashin ganin garke a wani tafki bana ba ya nufin garken ya mutu. Mai yiwuwa ne yana wani wurin da ruwa ya fi kyau. Dalilin da ya sa ke nan ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a lokaci guda, a tsakiyar watan Janairu, domin kada a ƙidaya garke ɗaya sau biyu ko a ɗauka wanda ya ƙaura ya ɓace.

Amma fa ba ƙaura kaɗai ba ce. Zwarts da abokan aikinsa, a littafinsu na 2009 a kan tsuntsayen Sahel, sun nuna cewa a shekarun da ambaliya ta yi ƙaranci tsuntsayen ruwa sukan mutu da yawa, kuma ana ganin giɓin a Turai idan lokacin ƙyanƙyasa ya zo. Sun kuma nuna wani abu da ya shafi maharba kai tsaye: a shekarar fari tsuntsaye sukan cunkushe a ɗan ruwan da ya rage, sai kama su ya yi sauƙi, kamar yadda masu raga suke kama gargani a Mali su kai kasuwar Mopti. Wannan yana nufin shekarar da maharbi ya cika buhu, har yana cewa bana agwagi sun yi yawa, tana iya zama ita ce shekarar da aka fi yi wa garken illa. Wannan kuskuren fahimta ne mai sauƙin aukuwa, kuma bai kamata a zargi wanda ya faɗa cikinsa ba, tunda abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa.

Har ila yau, akwai matsalar da take can gidan tsuntsayen. A ƙasashe irin su Holan an janye ruwa daga fadamun kiwo domin noman zamani, kuma gargani da take sheƙa a cikinsu ta ragu matuƙa. A kan hanya ma ana harbinsu a ƙasashen bakin Bahar Rum. Ɗumamar yanayi kuma ta sa wasu agwagin Turai sun rage nisan tafiyarsu, suna yin hunturu a arewa maso gabashin inda suka saba. Sai dai ya kamata a yi hattara wajen jawo wannan hujja zuwa ƙasar Gumel, domin binciken da ya tabbatar da haka ya fi shafar agwagin da dama can ba sa zuwa Afirka ta Yamma. Ita gargani har yanzu kusan dukkanta a kudancin Sahara da kudancin Asiya take yin hunturu.

4.4 Abin da Ya Sauya a Bakin Tafki

Tun daga tsakiyar shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan farfaɗo a Sahel, har ma an yi mummunar ambaliya a jihar Jigawa a 2012 da 2020 da 2022. Mai karatu zai iya tambaya, to me ya hana agwagin komawa yadda suke? Amsar ita ce ruwan ya dawo ya tarar da wurin ya canza. Hana shigo da alkama da gwamnatin tarayya ta yi a 1987, da shirin bunƙasa fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, sun yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa a ko'ina. Tafkin da a da yake kaiwa Janairu yanzu ana zuƙe shi a shayar da tumatir da albasa da alkama. Gonaki sun matso har bakin ruwa, ciyawar da kirinjijiya take ɓoye ƙwanta a ciki an nome ta, dabbobin da burtalinsu ya tsuke kuma duk a nan suke taruwa shan ruwa. Ba za a ce manomi ya yi laifi ba, abinci yake nema, amma tsuntsun da ba ya samun natsuwa da rana ba zai zauna ba.

Noman shinkafa ya kawo wani sauyin na daban, musamman ga 'yan gida. Kirinjijiya tana son shinkafa, tana kuma kiwo da dare. Da noman ya faɗaɗa a kwarin Haɗeja, wajen Auyo da kewaye, sai garken ya samu abinci a wuri ɗaya har cikin rani, buƙatar yawo zuwa tafkunan yamma ta ragu. A can kuma manomi ba ya kallonta a matsayin nama, ɓarauniya yake ɗaukarta. Daga nan ne ake samun mummunar ɗabi'ar nan ta barbaɗa hatsin da aka jiƙa da maganin ƙwari, wadda take kashe duk tsuntsun da ya ci, kuma naman yana iya cutar da wanda ya saya. Idan aka kwatanta, maharbi mai adaka, wanda sai ya ɗura albarushi bayan kowane harbi, ɓarnarsa kaɗan ce a kan ta mai guba ko mai shimfiɗa doguwar raga a kan ruwa da dare.

4.5 Doka da Wuraren da Aka Keɓe

Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ita ce tushen dokokin farauta da jihohin Arewa suka gada, sannan a 1985 gwamnatin soja ta kafa doka ta 11 a kan cinikin dabbobin da suke fuskantar ƙarewa. A 1987 aka fara shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, kuma a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci tafkin Dagona a ƙasar Bade domin ganin tsuntsayen. Daga baya an sanya tafkin Nguru da hanyar ruwa ta Marma a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, aka ƙara da Baturiya ta ƙaramar hukumar Kiri Kasamma da kuma Dagona a 2008. A 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a matsayin wurin da ake kiyaye halittu tare da rayuwar mutanen da suke cikinsa.

Abin lura shi ne, duk waɗannan wurare suna wajen masarautar Gumel. Ƙananan tafkunan da tsuntsu yake yada zango a kansu ba su cikin kowane jeri, kuma a aikace masu iko da su su ne mai unguwa da dagaci da Sarkin Baka. Waɗannan ne za su iya hana ɗibar ƙwai da harbin kirinjijiya da dinya a watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da suke kan sheƙa ko suke tafe da 'ya'ya, domin uwa ɗaya da aka harbe a wannan lokaci asarar sheƙa guda ce. Su ne kuma za su iya sasantawa da masu injin ban-ruwa a bar wani ɓangare na tafki ba a zuƙe ba har baƙi su wuce. Batun sakin ruwa daga Tiga da Challawa a watan Agusta domin a kwaikwayi ambaliyar da aka saba kuwa, wanda masana suka daɗe suna ba da shawararsa tun shekarun 1990, yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda hedikwatarta take Kano.