Ta Ina Ƙazanta Ke Shiga Lemon Kwalba?

A Zaitawa da sauran unguwannin cikin birnin Kano, da wuya a yi biki ko suna ba a shigo da kiret-kiret na lemon kwalba ba. Sai dai wani lokaci mai sha yakan ga baƙon abu a ƙasan kwalba, kamar mataccen kyankyaso, ko guntun leda, ko wani curi mai yauƙi. Ta yaya irin wannan ke shiga kwalbar da aka rufe da inji?

Sau da yawa amsar tana cikin tafiyar da kwalba ke yi bayan an shanye ta. Kwalbar gilashi akan mayar da ita kamfani a sake cika ta sau da dama. Kafin ta koma, takan yi kwanaki a bayan shago ko a zaure, baki buɗe. Zaƙin da ya rage yakan jawo kyankyaso da ƙuda da tururuwa. Wasu kuma sukan zuba mata kananzir, ko fenti, ko maganin ƙwari.

A masana'antu irin na Challawa, ana jiƙa kwalabe cikin ruwan zafi mai haɗe da soda, irin wadda ake yin sabulu da ita, sannan a ɗauraye su da ruwa mai ƙarfi. Daga nan sai su bi ta gaban fitila da na'urar da ke leƙa cikinsu. To amma inji yana tura dubban kwalabe a sa'a guda. Abin da ya bushe ya manne a gindi, ko leda mai garai-garai, yana iya kuɓucewa.

Shi kuwa curin nan mai yauƙi, galibi funfuna ce. Tsamin lemo da iskar kabon-dayokzaid da ke cikinsa suna hana mafi yawan ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa, amma yis yana jure tsami. Idan murfi ya yi tsatsa ko bai zauna daidai ba, gas ya fice iska ta shiga, sai funfuna ma ta sami damar tsirowa.

Doka ba ta bar mai saye haka nan ba. A 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotilan, wata mata mai suna May Donoghue ta ce ta ga ruɓaɓɓen dodon-koɗi a lemon citta da ta sha. A 1932 kotu mafi girma ta Birtaniya ta yanke cewa wajibi ne mai sarrafa kaya ya kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su, ko da babu ciniki kai tsaye tsakaninsu. A Nijeriya ma, Edward Okwejiminor ya kai ƙarar kamfanin Nigerian Bottling Company kan mataccen kyankyaso a kwalbar Fanta da ya sha a 1991. Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 2008. Bugu da ƙari, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana karɓar irin wannan koke.

Saboda haka ya kamata mai saye ya ɗaga kwalba ga haske kafin ya buɗe, ya kuma duba murfi da ranar ƙarewar aiki. Idan ya ga wani abu, kada ya buɗe, domin rufaffiyar kwalba ita ce hujja mafi ƙarfi. Wanda ya riga ya sha, in ya ji amai ko ciwon ciki, sai ya nufi asibiti, ya kuma adana kwalbar. Masu shago da magidanta kuwa, su ajiye kwalabe a wuri mai tsabta, kada a mayar da su mazubin shara, domin wani ne zai kafa baki a kansu gobe.