Ayabar Zinare da Sarkin Sammako

A littafinsu na 1982, In Search of Excellence, Tom Peters da Robert Waterman sun ba da labarin wani kamfanin Amurka mai suna Foxboro. Wani dare, masanin kimiyyar kamfanin ya faɗo ofishin shugaba ɗauke da na'urar da aka daɗe ana fama a ƙera. Shugaba ya rasa tukwicin da zai ba shi. Ya yi ta jan durowa yana lalube, sai hannunsa ya faɗa kan ayaba, ya miƙa masa. Daga baya kamfanin ya riƙa ƙera 'yar ayabar zinare ta maƙalawa a riga, ta zama babbar lambar yabo ga masu bincikensa.

Hukumar NASA ma, duk da girman kujerarta, tun 1968 take ba ma'aikatanta ɗan karen zanen barkwancin nan, Snoopy, wanda aka ƙera da azurfa. Sai an kai shi sararin samaniya an dawo da shi, sannan ɗan sama-jannati ya miƙa da hannunsa. Waɗanda ke samu a shekara ba su kai kashi 1 cikin 100 na ma'aikata ba.

Mu kuwa ba sai an koya mana wannan ba. Mutanen da ke da Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Noma sun daɗe da sanin cewa kowace sana'a tana son a ɗaga gwaninta a bainar jama'a. A wata maɗaba'a da na yi aiki a Kano, ana gab da azumi mukan yi 'yar walima, tsire da lemo, a yi naɗin sarauta. Masinjanmu, dattijon da ke zuwa a keke tun kafin mai gadin dare ya naɗe tabarma, shi aka naɗa Sarkin Sammako. Yaron da ke lallaɓa janareto duk sanda aka ɗauke wuta ya zama Sarkin Yaƙi. Akantarmu, wadda ba ta sakin ko naira ɗaya sai ta ga rasit, aka ce ita ce Magajiyar Rasit. Takardar shaida a ragowar kwali muka buga, rawani kuma aro ne. Wani mai baki a cikinmu ya miƙe yana yi wa kowa kirari, ana ta shewa. Wata da watanni bayan haka, in dattijon nan ya shigo, har manaja sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarki, an sauka lafiya?" Shi kuma ya gyara hula ya amsa da ƙasaita.

A ganina, dariyar ba ita ce ke aiki ba. Abin da ke faranta ran ma'aikaci shi ne ya gane ashe ana lura da takamaiman abin da yake yi. "Gwarzon ma'aikaci na shekara" kowa ana iya liƙa masa. Sarkin Sammako kuwa mutum ɗaya ne, kuma kowa ya san dalili.

Amma akwai sharaɗi. Tun 1959 masanin halayyar ɗan Adam Frederick Herzberg ya nuna cewa albashi da yanayin wurin aiki daban, yabo da karramawa daban: na farkon in ya lalace yana jawo ƙunci, kuma na biyun ba ya toshe wannan giɓi. Wanda ke bin ka albashin wata biyu, ka naɗa masa rawanin wasa, zagi ne.

Sannan a guji sarautar muzantawa, irin su Sarkin Latti ko Sarkin Barci, balle wadda ta taɓa ƙirar jiki ko ƙabila ko aure. Wasan Bakano da Bazazzagi yana da daɗi ne saboda kowa na iya ramawa. Masinja ba zai iya rama wa manaja ba, sai dai ya yi yaƙe ya tafi da abin a ransa.

Don haka, shugabannin ma'aikatu, ku fara biyan haƙƙi a kan kari. Ku bar ma'aikata su zaɓi sarakunansu da kansu, kuma in sun ƙirƙiro taku sarautar, ku zauna a naɗa muku.