Riyad: Manyan Mutane da Ƙananan Motoci

A birnin Riyad, fadar mulkin ƙasar Saudiyya, inda mota ta zama tamkar ƙafar ɗan Adam, akwai magidanta masu furfura da kan raba dare suna harhaɗa motocin da tsawonsu bai wuce tafin hannu ba. Abin da a ƙasar Hausa ake ɗauka wasan yara ne, a nan ya zama sha'awa mai cin kuɗi da lokaci, wadda kuma ke da dangantaka ta kusa da ilmin ƙere-ƙere.

Duk wanda ya taɓa zama a Riyad ya san cewar birni ne da aka shimfiɗa shi domin mota. Mutane kimanin miliyan 7 ke zaune a cikinsa, kuma kafin a buɗe jirgin ƙasa na cikin gari a watan Disamba na shekarar 2024, kusan duk mai zuwa aiki ko kasuwa ko gaida dangi sai ya hau titi. Daga watan Mayu zuwa Satumba kuwa, lokacin da zafin rana kan haura digiri 43, jama'a kan shige ɗaka su kulle ƙofa, kowa ya nemi abin da zai ɗebe masa kewa. A irin wannan zama ne wasu suka rungumi ƙananan motoci.

Ƙananan motocin dai iri biyu ne. Akwai na zubi, waɗanda ake narka tutiya gauraye da ɗan alminiyam da jan ƙarfe a zuba a mazubi, su fito a shirye da fentinsu, sai dai mutum ya saya ya jera a durowar gilashi. Akwai kuma waɗanda ke zuwa a kwali gutsi-gutsi, sassan roba sama da ɗari a wani lokaci, mai saye ne zai yanke kowane sashe ya goge shi ya shafa masa fenti, sa'an nan ya manna shi a gurbinsa. Dukansu kuwa ma'auni ne ke mulkinsu. Idan aka rubuta 1:24 a jikin kwali, ana nufin ko wane santimita ɗaya na ƙaramar motar yana wakiltar santimita 24 na ta gaskiya. Ke nan motar da tsawonta ya kai mita 5 za ta koma kimanin santimita 21. A ma'aunin 1:18 za ta kusa santimita 28, a na 1:64 kuwa ba za ta kai 8 ba. Sitiyari da fitila da madubin gefe, duka sai sun bi wannan lissafi, in ba haka ba masu ido za su gane nan take.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Meccano na birnin Libaful a Ingila ya fara fitar da motocin Dinky a shekarar 1934. A 1953 ne kamfanin Lesney ya fito da Matchbox, sunan da ke nufin akwatin ashana, saboda ɗaya daga cikin masu kamfanin, Jack Odell, ya ƙera wa 'yarsa 'yar motar daɓe titi wadda za ta shiga akwatin ashana, tun da makarantar yarinyar ba ta yarda a zo da abin wasan da ya fi haka girma ba. Corgi ya biyo baya a 1956, sai Hot Wheels na Amurka a 1968. Su kuwa na harhaɗawa, cibiyarsu birnin Shizuoka ne na ƙasar Japan, inda kamfanin Tamiya ya soma a 1946 a matsayin wurin tsaga katako, kafin daga baya ya koma ga roba. A wannan yankin ne kuma su Aoshima da Hasegawa da Fujimi suke.

Aikin harhaɗawar ba na mai gaggawa ba ne. Da farko za a raba sassan daga jikin firam ɗinsu da ɗan almakashi mai kaifi, a kankare duk wani tabon da mazubi ya bari, a bi da samfefa mai laushi. Gam ɗin da ake amfani da shi ba mannewa kawai yake yi ba, narkar da fuskar robar yake yi har sassan biyu su zama abu guda, saboda haka ɗigo ɗaya da ya kuskure ya faɗa kan gilashin gaba ya isa ya ɓata aikin mako. Gangar jikin motar ita ce babbar jarrabawa. Sai an yi mata shafen farko, a duba ta a gaban fitila ko akwai rami ko tudu, a sake gogewa, sa'an nan a fesa launi sama-sama har sau uku ko huɗu da 'yar na'urar feshi mai kama da alƙalami, a ɗora tambura waɗanda sai an jiƙa su a ruwa kafin su saki takardarsu, a rufe da fenti mai sheƙi, a jira ya bushe sarai, a ƙarshe a goge har mutum ya ga fuskarsa. Waɗanda suka yi nisa ba sa tsayawa a nan. Sukan huda injin da ɗan ƙaramin mahuji su zura wayoyin fulogi, su yi bel ɗin kujera da ƙyalle, su ɗauki ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba da matsefata su dasa ta a taya. Wasu ma, bayan sun gama wahalar sheƙin, sai su koma su tsufar da motar da gangan: tsatsa a ƙasan ƙofa, ƙura a bayan taya, tabon mai a ƙarƙashin inji.

A Riyad kuwa, yanayin garin kansa abokin gaba ne. Iskar bazara ta bushe ƙamas, ta yadda fenti mai haɗin ruwa kan daskare a bakin na'urar feshi, ko ya bushe a iska kafin ya sauka, jikin motar ya fito da gautsi kamar an barbaɗa masa rairayi. Tsofaffin tambura kan tsattsage da an sa su a ruwa. Ga kuma ƙurar Najadu, wadda ba ta san ƙofa a rufe ba. Ƙwaya ɗaya ta sauka kan ɗanyen fenti, sai a koma kan samfefa. Ni kaina na ɗanɗana. Na taɓa barin wata da na shafe makonni shida a kanta a gaban mota cikin watan Agusta, na shiga sallar azahar na ɗan tsaya gaisawa da mutane, da na dawo na tarar rufinta ya lotsa, ƙofofinta sun karkace, kamar wadda ta yi karo da raƙumi a hanyar Kharj. Shi ma kayan aikin akwai tasa matsalar, domin kuwa fentin gwangwani da sinadarin tsarma shi abubuwa ne masu kama wuta, kamfanonin jiragen sama ba sa ɗaukarsu yadda suke ɗaukar sauran kaya. Ga harajin saye na kashi 15 cikin ɗari da ƙasar ta ɗora tun watan Yulin 2020.

Wani abin lura shi ne irin motocin da zuciyar mutanen nan ke karkata gare su. Ko shakka babu ana son Ferrari da Lamborghini, kamar ko'ina a duniya. Amma abin da ke sa dattijo ya tsaya ya yi shiru shi ne Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya wadda suke kira Shas, da babbar GMC da suke kira Jims, da Caprice da Cressida, da tsohuwar a-kori-kurar Datsun mai zane a gefe. Su ne motocin da suka kwashi iyalai daga ƙauye zuwa birni a shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa, zamanin da Saudiyawa ke kira zamanul ɗayyibin, wato zamanin mutanen kirki. A kasuwar Zal, wadda ke kusa da fadar Masmak tun 1901, inda ake gwanjon tsofaffin butocin gahawa da takubba da rediyoyi, nakan ci karo da tsofaffin motocin wasa na ƙarfe da fentinsu ya kakkarce, kuma masu tayawa ba yara ba ne. A fadar Murabba kuma an ajiye motocin Sarki Abdul'aziz na gaske, ciki har da Rolls-Royce ɗin da Winston Churchill ya yi masa alkawarinta lokacin da suka gana a Masar a 1945. Marubuta tarihi sun ruwaito cewar motar ba ta kwanta wa Sarkin a rai ba, saboda sitiyarinta na hannun dama, shi kuwa a gaba yake zama, ba zai so ya kasance hagu da direbansa ba. Sababbin jini su ma sun sami abin kwaikwayo tun da tseren Dakar ya dawo Saudiyya a 2020, balle da ɗan Riyad, Yazeed Al-Rajhi, ya lashe shi a 2025 cikin Toyota Hilux.

Akwai kuma wani sauƙi da wannan sha'awa ta samu a ƙasa irin wannan. Mota ba ta da rai, saboda haka saɓanin da malamai ke yi kan sassaƙa surar mutum ko dabba bai shafe ta ba.

To, amma mai karatu da ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, kuma ya yi gaskiya. Da kaka ta yi, aka girbe dawa, kara ya bushe, mu ma mukan zauna a inuwar zaure. A ɓare ɓawon kara a tsaga shi siri-siri ya zama ƙusa, a yanka totuwar ta zama ginshiƙi, a soka wannan cikin wancan har gingimari ta tashi da kanta da bodinta. Wanda ya fi ƙarfin kara sai ya koma langa-langa da waya da gwangwanin madara, ya yanko taya daga tsohon silifa, ya ɗaure da robar tayar keke, ya zuro dogon sitiyari har ƙugunsa yadda zai tuƙa yana tafe, tayoyin gaba na juyawa dama da hagu. Babu kwali, babu takardar bayani, babu ma'aunin da aka rubuta. Yaro zai je tasha ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin mota, ya dawo gida da hotonta a ka. A ganina wannan ya fi harhaɗa abin da wani injiniya a Shizuoka ya riga ya auna wahala, domin shi yaron shi ne mai zane, shi ne mai neman kaya, shi ne maƙeri.

Abin takaici shi ne ladan da akan ba shi. Sau da yawa tsawa ce, ko a ce ya bar shiririta ya ɗauki allo, ko a tattaka motar a sa a murhu. Daga baya kuma motocin roba masu arha daga ƙasar Sin suka cika kasuwanni, wayar hannu ta zo ta kwashe sauran lokacin. Har yanzu akan ga motar waya a ƙauyuka da unguwannin bayan gari, amma ba kamar dā ba.

Alhali kuwa a manyan kamfanonin duniya, ta nan mota ke farawa. Tun daga ƙarshen shekarun 1920, lokacin da Harley Earl ya kafa sashen zane a kamfanin General Motors, ana fara sassaƙa sabuwar mota ne da wani irin yumɓu, ƙarama tukuna, sa'an nan mai cikakken girma, kuma zuwan kwamfuta bai kawar da wannan al'ada ba. A wannan kamfani ne Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya wuce makarantar zane a Detroit, ya yi aikin zanen samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 shi ne ya shugabanci hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya. Ita ma Saudiyya ta fahimci cewa sayen mota daban, ƙera ta daban. A 2022 ta kafa kamfanin Ceer na motoci masu aiki da lantarki, a 2023 kuma kamfanin Lucid ya buɗe masana'antar harhaɗawa a gaɓar Bahar Maliya. Irin waɗannan masana'antu na bukatar matasa masu haƙurin zama da ƙaramin abu har sai ya daidaita, kuma ba a jami'a ake fara koyon wannan haƙuri ba.

Tambayar da ta rage ita ce ta wace mota za a ajiye wa 'yan baya. Bafaranshe ya kula da tasa. Kamfanin Norev, wanda ya faro a kusa da birnin Liyon a 1946, yana fitar da Fijo 404 da 504 a ma'aunin 1:43 da 1:18, saboda haka duk wanda ke kewar 504 ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, zai iya samun ta santimita 10 da 'yan kai ya ɗora a tebur. Sai dai za ta zo masa ne fes, kamar yadda ta fito daga shago a Faransa. Ba za ta zo da kariya a rufi da buhunan albasa a ɗaure ba, ba za ta zo da fentin tasi na garinsu ba. Ita kuwa babbar motar katako da kafintocinmu ke yi wa bodi, masu zane su ƙawata ta da furanni da dawisu da kalmomin hikima a goshi, sai dai mutum ya ƙera abarsa.

Wadda ke kan teburina a halin yanzu a-kori-kura ce ƙirar 404. Na cire mata bodin da ta zo da shi, ina yi mata na katako da tsinken sakace da sandunan ashana, irin wanda na saba gani ranar kasuwa ina yaro. Sauran tamfol da igiya, da kuma buhunan gero guda goma sha biyu da zan ɗinka da tsohon ƙyalle, ko wanne bai fi kan ɗan yatsa ba.