A Kurawa, ragowar caji yara ke samu a talabijin

A Kurawa da ke Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, batirin sola da kuɗin man janareta ne ke tsara kallon talabijin.

Da safe, lokacin shirye-shiryen yara, akwatin a kashe yake, ana tattalin caji. Sai bayan Isha'i ake kunnawa, a ga labarai, ko Daɗin Kowa a Arewa24, matasa su nufi gidan kallon ƙwallo. Shirin tarihi ko na namun daji kuwa, sai an ci karo da shi wajen canza tasha. Yaro yana leƙe ta bayan manya har barci ya kwashe shi.

Abin da ciwo, domin hare-haren 'yan bindiga sun sha raba yaran wannan yanki na Gobir da aji. A 2021 har layukan waya aka katse a Sabon Birni da Isa, amma tauraron ɗan'adam bai daina kawo hoto ba.

A tsallaken iyaka, Nijar ta fara talabijin ne a 1964 don koyar da 'yan firamare. Tashoshinmu na Hausa ba za su rasa sa'a guda ta darasi ba, in dai za a sa ta bayan Magariba, daidai lokacin tayar da janareta.