Cokali nawa na sukari mazaunin Dutse ke sha a yini guda?

Da sanyin safiya, kafin ma'aikata su nufi sakatariyar jiha, teburan masu shayi a Dutse sun riga sun cika. Mai shayi zai zuba madara, ya ƙara Milo ko Bournvita, sannan ya yi ta ɗibar sukari har sai mai saye ya ce ya isa. Idan rana ta take, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai a koma kan lemon kwalba da zoɓo mai ƙanƙara. Da yamma kuma ga kunun aya ko fura da nono.

Ba kowa ne ke lissafa sukarin da ya shiga cikinsa ta wannan hanya ba, saboda abin sha ba ya ƙosar da mutum kamar tuwo.

Ƙa'idar da ake tsallakewa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 na sukarin da ake ƙarawa a ci da sha a yini, wato ƙananan cokula 12. Ta ce rabin haka ya fi alheri. Sai dai robar lemo guda mai santilita 50 kan ɗauki kusan giram 50 ita kaɗai. Wanda ya sha shayi mai cokali huɗu da safe, ya ƙara lemo da azahar, ya tsallake ƙa'ida tun kafin la'asar.

Yawan shan irin waɗannan abubuwa na da alaƙa da ƙiba, ruɓewar haƙora da ciwon siga. Shi kuma ciwon siga, tare da hawan jini, su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, lalurar da ke kai marasa lafiya sashen wankin ƙoda a asibitoci irin na Rasheed Shekoni da ke Dutse. Don rage shan zaƙi ne gwamnatin tarayya ta sanya harajin naira 10 kan kowace litar lemo a Dokar Kuɗi ta 2021, amma harajin bai shafi teburin mai shayi ko kular mai zoɓo ba.

Shayin ma yana da nasa sharaɗin: shansa tare da abinci na rage sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa, abin lura ga masu juna biyu da masu ƙarancin jini.

Zoɓon gida, haɗin kasuwa

Jigawa na cikin jihohin da suka fi noman zoɓo a Najeriya, kuma ana fitar da shi har ƙasar Meziko. Bincike ya nuna ruwan zoɓo zalla na ɗan sauke hawan jini. Matsalar tana wajen haɗi: sukari da yawa, garin ƙamshi da ɗan tsami, sai kuma robobin da aka tsinto aka sake cikawa ba tare da wanki mai kyau ba.

Makwabciya Kano ta ɗanɗana kuɗarta a watan Maris na 2021, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibiti da amai da fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami.

Nonon da ba a tafasa ba kuwa na iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu, yayin da kunun aya ke saurin lalacewa idan ya rasa sanyi.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi: a ce wa mai shayi cokali ɗaya ya isa, a duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC a jikin garin lemo, a haɗa zoɓo da citta da kanumfari, sannan a fara kashe ƙishirwa da ruwa mai tsafta.