Jijjigar Yara Lokacin Zazzaɓi: Me Ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa?

Da zarar damina ta kankama a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, sauro kan yawaita, balle a gonakin rani na kewayen madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. A wannan lokaci ne iyaye kan ga jikin yaro ya yi zafi rau, sa'an nan ya sandare, idanu su kakkafe, ya shiga jijjiga. Galibi akan ce iska ce ta taɓa shi. Binciken masana kuwa ya nuna aikin sinadarai ne.

Jijjigar zazzaɓi kan sami yara 2 zuwa 5 cikin ɗari, daga wata 6 zuwa shekara 5. Ƙwaƙwalwa tana aiki ne bisa daidaito tsakanin sinadarai biyu: gulutamet, mai zaburar da jijiyoyi, da GABA, mai kwantar da su. A ƙuruciya wannan daidaito bai gama ƙwari ba. Idan ƙwayar maleriya ta fasa jajayen ƙwayoyin jini, sai garkuwar jiki ta saki wani sinadari, intalukin-1, wanda ke ɗaga zafin jiki, kuma ya ƙara wa gulutamet ƙarfi. A 2005 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka gano cewa ɓerayen da jikinsu ba ya amsa wannan sinadari ba sa jijjiga sai zafi ya tsananta ƙwarai. Shi kuwa maganin dayazefam da likita ke bayarwa, GABA yake ƙarfafawa.

Yawancin irin wannan jijjiga kan wuce cikin 'yan mintoci ba tare da lahani ba. Amma ba kowace jijjiga ce ta zazzaɓi kawai ba. Sanƙarau da maleriyar ƙwaƙwalwa kan zo da ita. Haka nan a Zamfara, a 2010, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400, da yawansu bayan jijjiga.

Saboda haka a kwantar da yaro ta gefe, a sassauta masa tufafi. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa manja ko jiƙo, kada a turara masa hayaƙi. In ta kai minti 5, a garzaya asibiti. In ma ta tsaya da kanta, a kai shi a auna jininsa. Maganin rigakafin maleriya na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, da gidan sauro, su ne garkuwar farko.